Mai Cewa Ya Isa

Shekara arba'in ina bisa tsani a Valparaíso,
ina shafa wa gidajen kan tudu shuɗi da ruwan ƙwai,
teku can ƙasa kamar faranti,
ƙafata ba ta taɓa tambayata ina ƙasa take ba.
Sai ran Talata da asuba
na buɗe ido, rufin ɗaki ya kama tafiya,
ya dawo, ya sake tafiya.
Na rungume ƙafar gado ina amai,
ina tambayar bango abin da ya faru.

Likita Ximena Paillán ta ce in dubi yatsanta.
Idona ya ƙi zama, yana zamewa yana fizgowa
kamar kifin da aka jefa cikin kwalekwale.
Ta juya takardar magani, ta ɗiga ɗigo biyu a bayanta.
Ta ce, Evaristo, can gindin ƙwaƙwalwa wajen ƙeya
akwai unguwa biyu ta ƙwayoyin jijiya,
ɗaya na sauraren kunnen dama, ɗaya na hagu.
Surutu gare su, ko kana barci ba sa fasawa.
Tsakaninsu akwai zare,
saƙon da ke bin zaren nan kuwa guda ne:
ke, yi shiru.

In ka juya dama, ta dama ta ɗaga murya,
ta ce wa ta hagu sassauta, ta sassauta,
daga ratar muryoyin nan kake sanin ka juya.
To jijiyar kunnenka na hagu ta kumbura, ta daina kai labari.
Unguwar hagu ta yi tsit.
Ta dama ba mai tsawata mata,
tana ihu, tana ƙara danne wadda ta riga ta faɗi.
An ce maka duniya na juyi.
Ƙarya ce, ta rasa mai ƙaryata ta, sai ta ƙaru.

Na ce a ba ni ƙwaya.
Ta ce ta kwana uku kawai, sauran maganin tafiya ce.
Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a bayansu,
saƙonta gare su birki ne, rage kaɗai take cewa.
Ita za ta dafa kafaɗar mai ihun
har wadda ta yi tsit ta sake samun baki.
Amma sai ka yi tangaɗi,
sai ta ga inda ka karkace kafin ya gyaru.

Matakala ɗari da sittin da biyu ce
daga ƙofata zuwa gidan burodin Nibaldo.
Ran farko na sauka tara, na zauna,
karen maƙwabta ya zo ya shinshina gwiwata.
A nan zaune na tuna Fresia.
Shekara talatin da ɗaya, in na ɗauko labari a kan tebur,
na fara zuba masa gishiri,
sai in ji tafin ƙafarta a kan tawa.
Na sha jin haushi. Na zaci rage ni take yi.
Tun da muka binne ta cikin sanyin Yuli
nake magana a kanti har mutane su duba agogo,
in dawo gida, kujeru su taru
su saurari ragowar.

Mako na shida na jingina tsani a bangon kicin.
Taki ɗaya. Taki biyu.
Burushi a hannu, fenti na ɗiga a takalmina.
Na juya kai a hankali wajen taga,
teku ya ɗan zame, ya tsaya inda yake.
Wani abu can cikin ƙeyata
ya taka ƙafar wani abu.
Na buɗe baki zan kira ta ta gani,
na yi shiru.